Sunan da Hannuna Ya Ƙi Rubutawa

Na san an ba ku labarin nan iri biyu. Waɗansu sun ce muku na ɗauke aikin yayanku na liƙa masa sunana, waɗansu kuma sun ce shi ne ya yi fushin banza da uwar da ta haife shi. Duk wanda ya faɗa muku ɗaya daga ciki, rabin magana ya tsinta ya ƙarasa sauran da kansa. Ni da abin ya faru a hannuna zan faɗa muku yadda aka yi, kuma ba zan wanke kaina ba, don ba duka nake da gaskiya ba. Abin da nake so kawai shi ne, ran da ba na nan, kada wani ya zauna a tsakar gidan nan na Dakoro ya ce yayanku ya taɓa yin ƙarya a kan aikinsa.

Sai na fara da maganar suna, don a nan komai ya ɗaure. Yayanku ɗan farina ne, kuma sunan kakanku na wajen uba aka sa masa, wato surukina. Kunya biyu ke nan ta hau kan yaro ɗaya. Ni ba na faɗin sunan don ɗan fari ne. Babanku ba ya faɗa don sunan mahaifinsa ne, Baba yake ce masa. Inna, mahaifiyata, wadda ta ɗauke shi zuwa Sabon Maci tun ranar yaye ta riƙe shi har ya shiga kolej, maigidana take ce masa irin wasan kaka da jika. Ku ƙannensa Yaya kuke cewa, matarsa Balkisa kuma Baban Nafi. Ni in dole ta kama ni, sai in ce wancan, ko Maisuna. Mutum ya kai shekara talatin da shida, sunansa na yanka ba shi da wurin zama sai a takardun gwamnati. Shi kuma bai taɓa ce mini Mama ba kamar yadda kuke yi, Madam yake ce mini, irin yadda ɗalibaina na lise, babbar sakandare, suke kirana. Ban taɓa ganin aibun wannan ba. Haka na tashi na ga ana yi, kuma har cikin raina ina ganin ado ne ga mace.

Kun san ni malamar fizik ce. Da aka kawo wa makarantarmu na'urorin odinate, wato kwamfuta, ni aka tura Yamai horo, don a cewar darakta ni ce ba na tsoron wayar kuran, wato lantarki. Na dawo da ɗan abin da na iya, wanda bai wuce kunnawa da kashewa da koya wa yara buga rubutu ba. Ainihin karatun a gida na yi shi, a hannun yayanku, lokacin da yake jami'a yana zuwa hutu. Mukan zauna a kan benci ɗaya, kowa idonsa a kan allon na'ura, ba mai kallon wani. A nan ne kawai muke doguwar magana. In na yi kuskure yakan nuna da bayan biro ya ce, Madam, kin manta waƙafi, ni kuma in ce ai na gani, jarraba ka nake. Ban taɓa goya shi a gaban mutane ba, ban taɓa yabonsa ya ji ba, amma a kan bencin nan na koyi yadda yake tunani, kuma na yi alfahari da shi a ɓoye.

Abin da ya fi so shi ne ƙwayar tsarin da ke tafiyar da na'ura, wadda muke ce wa nuwayo da Faransanci. Ita ce ke tsakanin ƙarfe da duk sauran manhajoji, in babu ita na'ura akwati ce kawai. Ƙwayar da muke aiki da ita ba ta wani kamfani ba ce, ta jama'a ce. Mutane daga ko'ina a duniya suke rubuta ta. Kowa na iya ɗauka kyauta, ya gyara, ya aika da gyaransa, wanda ake kira faci, kamar facin taya. Ana aikawa ne wani zauren wasiƙu inda kowa ke karanta na kowa, kuma kowane sashe da mai kula da shi, wanda sai ya yarda faci yake shiga. Irinmu ba wanda ke ba mu ko dala. Suna shi ne ladan. Kowane faci yana da layin da ke cewa wane ne ya rubuta, da layin sa hannu inda kake shaida cewa abin da ka kawo ka san asalinsa. Da zarar ya shiga tarihin ƙwayar, ya zauna ke nan, ba ya gogewa.

A shekarun nan wani furoje na agaji ya sa firigon allurar rigakafi mai aiki da fano, faifan da ke kama hasken rana, a ƙananan asibitocin karkara, daga wajen Mai Yara har zuwa Azagor. Kowane firigo da wata 'yar na'ura mai auna sanyi da ƙarfin batir, wadda ya kamata ta aika saƙo ga salular majo, shugaban asibitin, in zafi ya fara shiga. Matsalar ita ce ƙwayar ba ta jin yaren 'yar na'urar. Sai an rubuta mata tafinta, wato ɗan tsarin da ke fassara tsakaninsu. Yayanku ya rubuta shi a hutu ɗaya, a ɗakin nan da yanzu muke ajiye buhunan wake. A saman rubutun ya sa cewa kyauta ne ga kowa, amma bai sa sunansa ba, don shi ma a gidan da ba a faɗin sunan ya tashi. Ya zuba mini a kile, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa na'ura, ya koma makaranta. Bai aika wa zauren ba, ya ce ba shi da haƙurin gardama da mutanen da ba ya gani.

Shekara huɗu abin yana aiki. Sai furoje ya sabunta na'urori, aka sa sabuwar ƙwaya, tafinta ya yi shiru. Wani majo ya hawo babur tun daga arewa ya same ni a lise, ya ce firigonsa ya kwana biyu da zafi bai sani ba, allurar wata guda ta lalace. Lokacin yayanku yana Maradi, yana gyaran salula da kafa fano, ga Nafi jaririya. Na kira shi na ce abin nan na wancan hutu ya tsaya. Ya ce, Madam, ki taɓa shi mana, ai kin iya. Haka na taɓa shi. Wata uku na bazara, kullum bayan an tashi makaranta, ina zufa ina warware abin da ya ɗinka ina sake ɗinkawa. Wajen kashi ɗaya cikin uku na sake rubutawa, sauran nasa ne yadda ya bar shi. Da ya tashi, sai na ga gara in aika a shigar da shi cikin ƙwayar gaba ɗaya, don in ya shiga, duk mai canza wani abu nan gaba dole ya kula da shi, ba sai majo ya sake hawo babur ba.

Mai kula da sashen wani mutum ne da ban taɓa ganin fuskarsa ba, ban ma san ƙasarsa ba. Turancinsa gajere ne kamar na mai jin yunwa, ni kuma da ƙamus nake bin sa. Sau biyar yana dawo mini da facin. Nan layi ya yi tsawo, nan kin kama abu ba ki saki ba, nan sunan ba ya faɗin aikinsa. Na zage shi da Hausa ba adadi, amma kowane gyara nasa gaskiya ne. A karo na ƙarshe ya ce komai ya yi, sai dai tambaya ɗaya. Ya ce yana ganin hannu biyu a rubutun, ɗaya mai gaggawa, ɗaya mai tsanaki. Idan akwai wanda ya fara aikin, in ba shi suna da adireshi ya sa a layin marubuci.

Na zauna gaban na'urar nan har ruwan da ke kofina ya yi zafi. Na buga harafin farko na goge. Na sake bugawa na goge. Ba wanda ke ɗakin, ba wanda zai ji, amma ji nake kamar surukina marigayi yana tsaye a bakin ƙofa da sandarsa, kuma dukan matan Sabon Maci suna leƙe ta taga. Ƙarshe na rubuta cewa wani na gida ne ya fara, ba damuwa. A Hausa duk mai hankali ya ji wannan ya san akwai suna a ƙarƙashi, zai nemi wani ya tambaya. A Turancina na ƙamus kuwa, abin da ya fita shi ne wani a gida ya ɗan taimaka. Mutumin ya ce to madalla, ya shigar da faci da sunana ni kaɗai, sunana na gidan ubana, wanda ba abin da ya haɗa shi da na yayanku.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Kunya ce ta riƙe hannuna, wannan gaskiya ne. Amma da na ga sunana a tarihin ƙwayar, ni kaɗai, malamar fizik daga Dakoro, daɗi na ji har cikin ƙashina. Ban koma na gyara ba, alhali ina da kwana da kwanaki da zan iya. Babanku ya yanka zabi biyu, ya bi abokansa na ma'aikatar dabbobi yana ba su labarin da shi kansa bai gane ba. Na kira yayanku na ce an karɓi abin nan. Ya ce barka, Madam. Bai je ya duba ba, don bai taɓa kawo wa ransa akwai abin dubawa ba.

Shekara ta zagayo, a cikinta na ajiye alli. Da farkon damina sai na lura wancan ya rage kira. In na kira, gaisuwa ce a tsaye, lafiya lau, aiki da godiya, sai an jima. Sallah ta zo ya aiko da kaya bai zo ba. Na ce wa babanku yaron nan ya fara girman kai, ya ce in bar shi, hidima ce. Sai wata ranar kasuwa da hantsi na ji sallama, ga Balkisa da Nafi a baya, ta biyo motar Maradi ita kaɗai. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta sha ruwa, ta ƙi taɓa fura. Yarinya ce mai kawaici, tun da aka kawo ta ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba. Ran nan ma ƙasa take kallo.

"Mama, bai san na taho ba. In ya ji sai ya yi hushi."

"Mi ya hwaru? Ciwo ne?"

"Ba ciwo ba ne. Aiki ne ya nema, wurin wani kamfani na waje masu kayan fano. Daga gida za shi riƙa yi, ba sai ya tahi ko'ina ba. Sun yi magana ta na'ura har sau ukku. A na ukkun sunka ce mi ya taɓa rubutawa, ya ce tafintan firigo. Nan take sunka buɗe tarihi, shina kallo. Sunka ce ga sunan wata mata, kai ina naka?"

Bakina ya riga hankalina, kun san ni.

"To shi ba shi da baki? Ya ce musu uwata ce mana!"

Nan ta ɗago, karo na farko.

"Haka ni ma na ce mishi, Mama. Ya ce in ya hwaɗi haka, ya ce ma baƙi uwarshi ta ɗauke aikinshi ke nan. Ya ce gara su ɗauke shi maƙaryaci. Shiru ya yi har sunka kashe. Sun rubuto sun ce ba su aiki da mai cin gumin wani."

Na tashi na shiga ɗaki kamar zan ɗauko wani abu, na tsaya tsakiyar ɗakin ban san abin da na zo ɗauka ba. Wata biyu ke nan yana ɗauke da wannan. Ni na rufe sunansa don kunya, shi kuma ya bari an kira shi maƙaryaci don ya rufa mini asiri, ina nan ina ce masa mai girman kai.

Duk da haka ban sauko nan take ba. Da babanku ya dawo na tare shi da hujjoji. Na ce ai shi ya ce in taɓa, ai shi bai sa sunansa ba, ai wata uku na yi ina zufa, ai ban ce ni na fara ba. Ya saurara har na gaji, yana ɓare gyaɗa. Sai ya ce shi ba zai iya yanke wannan ba, don sunan na ubansa ne, ko shi aka ba alƙalami hannunsa zai yi rawa. Ya ce in je wurin Inna. Na yarda ne don na tabbata za ta goyi bayana. Ita ta koya mini kunyar, ita ta taɓa marina ina ƙarama don na faɗi sunan mijin gwaggona.

Washegari na hau mota zuwa Sabon Maci. Gero ya kai gwiwa, hanya duk taɓo. Na tarar da Inna a inuwar rumbu tana tsince yakuwa, idonta ya riga ya yi rauni amma kunnenta ras. Na yi mata bayani yadda za ta gane: wani babban littafi ne na duniya, kowa ya yi aiki a rubuta sunansa, an tambaye ni sunan maigidanta na kasa. Ina jira ta ce Allah ya yi miki albarka, kin yi abin da ɗiyar mutunci ke yi.

"Wa ke wurin lokacin da anka tambaye ki?"

"Ba kowa, Inna. Ni ɗaya."

"To wa kinka bar ma ya hwaɗi?"

Ba ta jira amsata ba, ta ci gaba.

"Ran da anka sa shi lakwal, makarantar boko, mushe malaminsu ya ce mi sunan yaro, ke kina can kina sunne kai, ni na hwaɗi. Ran da ƙyanda ta kama shi munka kai shi likita, ni na hwaɗi. Ran ɗaurin armenshi kawunshi ya hwaɗi. Ke kin taɓa ganin an bar yaro ba suna don uwa tai kunya? Uwa na yin shiru ne don ta san akwai kaka kusa. Can inda kinka kai aikin ga, akwai kaka?"

"Babu, Inna."

"To ba kunya kinka yi ba, yarinya, yashe shi kinka yi. Shekara sittin da karatunki duka, sai na hwaɗa miki wannan? Tashi ki tahi ki gyara, kada ki bari in mutu maigidana na yawo da sunan maƙaryaci."

Ko abinci ba ta ce in tsaya in ci ba. A mota ina komowa na yi kuka, wata mai kaji a gefena tana ta ba ni haƙuri, ta ɗauka rasuwa aka yi.

Da safe bayan na karya na zauna na rubuta wa zauren wasiƙa, ba ga mai kula shi kaɗai ba, a fili inda kowa zai gani. Na ce tafintan nan ɗana ne ya rubuta shi tun farko, ni gyara na yi na kawo. Na ce an tambaye ni na ba da amsar da ta ɓoye gaskiya. Na yi bayanin al'adarmu a layi uku, na ce ba hujja ba ce, dalili ne kawai, kuma na ƙara da cewa na ji daɗin ganin sunana shi ya sa ban gyara da wuri ba. Na haɗa da tsohon rubutunsa daga kile, da kwanan watansa. Sai wurin suna. Harafi bakwai ne. Na buga su ɗaya bayan ɗaya da yatsa guda kamar 'yar koyo, ban goge ko ɗaya ba. Na danna aikawa, rezon intanet ya ɗauke. Na fita da na'urar har bakin ƙofar gida, na tsaya a rana kamar mai tallar goro, sai da ta tafi na dawo.

Tsorona biyu ne: kada su cire tafintan gaba ɗaya firigo su koma shiru, kada kuma su ce tsohuwa ce ke ƙirƙira don ta samar wa ɗanta aiki. Amsar farko daga wani ne da ban sani ba, ya ce sa hannu ba wasan yara ba ne, wanda bai san nauyinsa ba ya daina aiko faci. Ta yi mini zafi, kuma ban ga inda ya yi ƙarya ba. Kwana biyu sai ga mai kula. Wannan karon wasiƙarsa ta fi layi biyu. Ya ce ya karanta sau biyu, bai taɓa jin irin wannan al'ada ba, kuma da ya sani da ya sake tambaya. Ya ce tarihi ba ya gogewa, facin farko zai zauna da sunana har abada. Amma in aiko sabon faci mai sa sunan ɗana a saman rubutun a matsayin wanda ya fara, tare da bayanin abin da ya faru, shi ma zai zauna har abada kusa da na farkon. Sharaɗi ɗaya: ba ya sa sunan mutum sai mutumin ya amsa da kansa a zauren.

Nan aka zo wurin. Ban iya kiransa na roƙe shi ba. Na tura masa wasiƙun kawai, ban ƙara ko kalma ba. Kwana ɗaya, biyu, uku, shiru. Na share tsakar gida har inda ba ya buƙatar shara, na yi wa babanku faɗa a kan takalmi. Na fara gaya wa kaina ya yi daidai in ya ƙi, wanda aka yasar ba dole ne ya amsa kira ba. Rana ta huɗu da azahar ina tankaɗe, salula ta yi ƙara. Amsarsa ce a zauren, layi biyu, da Turancinsa da ya fi nawa. Ya ce shi ya rubuta na farko, amma ya mutu a hannunsa, mahaifiyarsa ce ta tashe shi, don haka a sa sunansa, kada a taɓa nata. Kalmar mahaifiya na yi ta kallo. Na zauna a kan turmi, garin tuwo har gwiwar hannu, na ji wani nauyi ya sauka daga wuyana wanda ban san tun yaushe nake ɗauke da shi ba. Na yi hamdala da ƙarfi har maƙwabciya ta leƙo.

Ba a fita kyauta ba. Balkisa ta sa shi ya tura wa kamfanin wasiƙun, suka rubuto suka ba shi haƙuri, amma gurbin an riga an ba wani. Sai bayan girbi wani ya buɗe suka kira shi, shi ne aikin da yake yi yanzu daga ɗakinsa a Maradi. Watannin nan na tsakani ni na jawo masa su, kuma ba ni da yadda zan mayar. Gwaggonku, yayar babanku, da ta ji na rubuta sunan ubansu a gaban duniya, ta yi wata biyar ba ta amsa gaisuwata da kyau. A gidan suna mata suka riƙa zolayata, wai Madam ta zama nasara, ta kira ɗan fari a rediyo. Har yau kuma duk wanda ya nemi sunana a tarihin ƙwayar zai ga faci, ya ga wasiƙar da na tona kaina a kusa da shi. Na yarda da wannan, gara a gan ni haka.

Ya zo Dakoro bayan an gama ɗaurin gero, da la'asar, ba sanarwa. Ina zaune a tabarma ina ɓarar wake, babanku yana kan kujerarsa, Balkisa ta wuce ciki da Nafi. Ya durƙusa daga nesa yadda ya saba.

"Madam, ina wuni."

"Lahiya lau. Kun sha hanya."

Ya gaida babanku, ya dawo ya zauna bakin tabarmar, ya ja kwaryar waken gabansa ya fara ɓara. Kowa idonsa a kan hannunsa, kamar zamanmu na benci. Mun daɗe a haka. Sai ya yi 'yar dariya, bai ɗago ba.

"Na ga wasiƙa. Ba kuskure ko ɗaya, har waƙafi. Ashe kin san sunan."

Da wasa ya faɗa, amma muryarsa ba ta wasa ba ce. Na gane shekara talatin da shida yaron nan bai tabbata ba.

"Ni na riga kowa riƙe shi," na ce. "Ina cikin ɗaki ran suna, na ji liman ya hwaɗa, na maimaita cikin zanena."

Ya ci gaba da ɓara. Na ajiye waken. Na ji babanku ya daina motsi a kujera.

"Iliyasu."

Sai da ya waiwaya bayansa, wallahi, kamar wani ake kira. Babanku ya kama tari ya tashi wai zai duba akuya. Shi kuwa ya juyo, ya dube ni ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba.

"Na'am, Mama."

Muka ci gaba da ɓarar wake har aka kira magariba. Tun ran nan ban sake faɗa da baki ba, na koma wancan da Maisuna, tsohuwa ba ta canza harshe a rana ɗaya. Amma Inna ta rasu bara, yanzu ba kaka a kusa da za ta faɗa a madadina, shi ya sa na rubuta muku da hannuna. Tafintan da ke tsaron allurar yara daga Mai Yara zuwa Azagor, ni na gyara shi na kai. Iliyasu ne ya rubuta.